Yadda za a shirya tattakin wayar da kai kan kashe kai da ciwon damuwa a unguwanninmu na Legas

Duk ƙungiyar da ke son shirya irin wannan tattaki a unguwar Hausawa, Agege ce ko Mile 12 ko Idi-Araba ko Obalende, shawarata ta farko ita ce dan Allah kar ku fara da maganar buga riguna ko gayyatar manyan baƙi. Ku zauna tukuna ku amsa tambaya ɗaya: in mun gama tafiyar nan wani yaro ɗan dako ya jawo ɗayanmu gefe ya ce "Yaya ni fa na gaji da rayuwa, gara in mutu in huta", ina za mu kai shi, wa zai raka shi, kuma wa zai biya kuɗin mota? In babu amsa to a ɗaga ranar. Don wallahi irin wannan taro yana tono abin da mutum ya daɗe yana binnewa, kuma ba daidai ba ne a tono masa ciwo a watse a bar shi da robar ruwa a hannu.

Saboda haka aikin farko zuwa asibiti ne da ƙafa. Akwai babban asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Yaba wanda yake nan tun 1907, akwai asibitin koyarwa na jami'ar Legas, wato LUTH, a Idi-Araba inda aka kafa shirin SURPIN a 2017 takanas don bincike da rigakafin kashe kai, ga asibitin koyarwa na jami'ar jihar Legas, wato LASUTH, a Ikeja wanda ya fi kusa da mutanen Agege. Mutum biyu ko uku su je, su nemi sashen masu taɓin hankali ko ma'aikatan jin daɗin jama'a, su tambaya wace rana ake ganin sabon mara lafiya, nawa ne kuɗin kati, ƙarfe nawa ya kamata mutum ya iso, sannan su roƙi a ba su likita ko nas ko mai ba da shawara da zai zo ranar. Akwai kuma ƙungiyoyi masu zaman kansu irin su MANI da She Writes Woman wadda Hauwa Ojeifo ta kafa a 2016, sun saba da irin wannan aiki, ku tuntuɓe su. Amma abin da ya fi damuna shi ne yare. Da yawa daga cikin ƴan ci-raninmu Turancinsu na ciniki ne kawai, zai iya sayar maka da kwandon tumatir da buroka amma ba zai iya faɗa wa likita abin da ke hana shi barci ba, shi ya sa dole ku nemo ma'aikacin lafiya mai jin Hausa, in ba a samu ba ku ware mutane biyu masu riƙon sirri, namiji da mace, waɗanda za su dinga rakiya suna tafinta. Mai surutu a majalisa ba ya cikin wannan aiki ko da shi ne shugaban ƙungiya.

Daga nan sai gidan Sarkin Hausawan unguwa da limamai. Kar ku aika takarda, ku je da kanku ku durƙusa ku gaisa, "ranka ya daɗe ga abin da ke tafe da mu", ku yi bayani a tsanake. Za ku ji ana cewa ai wannan ba matsalarmu ba ce, Musulmi ba ya kashe kansa, ƙarancin imani ne. Kar ku yi musu da zafi. Babu wanda ya zo halatta abin da Allah ya haramta, aya ta 29 ta Suratun Nisa'i da ta ce kada ku kashe kanku ita ce dai ta ƙare da cewa Allah mai jin ƙai ne gare ku, mu wannan jin ƙan muke so ya riski mutum tun yana da rai. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana kama mai sahun farko yana kama wanda ba ya zuwa masallaci, kuma addu'a ba ta hana shan magani. In liman ya gamsu har ya taɓo maganar a huɗubar Juma'ar da ke gaban tattakin, to rabin aikinku ya ƙare, don dattawan da ba za su taɓa karanta fosta ba sun ji daga bakin da suke yarda da shi. Ku leƙa wurin Baale, wato mai unguwar Yarabawa, da shugabannin ƙungiyar ci gaban unguwa ta CDA, da fastoci in akwai ƴan Arewa Kiristoci a yankin, da shugabannin ƴan gwari da mahauta da direbobi. Mata kuma a bi ta makarantun Islamiyya, malamarsu ta fi kowa sanin matar da ta haihu ta daina magana da wadda kishi ko rashin miji ya sa ta rame.

Rana kam akwai guda biyu da duniya ta sani, 10 ga Satumba ranar rigakafin kashe kai da aka fara a 2003, da 10 ga Oktoba ranar lafiyar ƙwaƙwalwa tun 1992. Ku ɗauki Asabar ko Lahadin da ta fi kusa, amma ku tuna watannin nan ruwa na sauka a Legas ba sallama, a tanadi rumfa a inda za a ƙare. Ni na fi son a tashi bayan sallar asuba gari na fara wayewa. A ƙasar Ayalan akwai irin wannan tattaki da suka fara a birnin Dublin a 2009, kilomita 5, suna tashi cikin duhu su ƙare rana na fitowa, mu kuma dama a tashe muke a lokacin, ga sanyi, ga titi babu gosulo, kuma mai shago ko ɗan dako zai iya komawa neman abincinsa kafin ƙarfe tara. Mutumin da sai ya fita ake ɗora tukunya a gidansa ba za ka ce ya ba ka wuni guda ba.

Hanya kar ta wuce kilomita 3 zuwa 5 don tsofaffi da mata masu goyo su iya. Ku bi cikin unguwa inda mutanenmu suke, gaban masu shayi, bakin kasuwa, tashar mota, ku guji babban titi mai gudu, a Agege kuma ku tsara ta yadda ba za a tsallaka layin dogo ba. Kar a kai tattaki wani wuri da mutane suka riga suka alaƙanta da kashe kai wai don a ja hankali, tallata wurin ne kawai. Mako biyu ko uku kafin ranar a kai takarda ofishin DPO da hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta LASTMA da ƙaramar hukuma, a rubuta hanya da lokaci da adadin mutanen da ake sa rai, a karɓi kwafi mai hatimi a riƙe a aljihu ranar. A nemi ƴan agaji na masallaci su riƙe gefe da gefe, mota ɗaya ta biyo baya a hankali don wanda ya gaji, a samu fiya wata da buhun zuba shara.

Yanzu maganar da ta fi komai, abin da za a rubuta a kwalaye da abin da za a faɗa a lasifika. A nan ne mai kyakkyawar niyya kan yi ɓarna bai sani ba. Kar a ambaci yadda wani ya kashe kansa, ba sunan abin da ya yi amfani da shi ba wurin ba hoto, domin bincike ya daɗe da nuna cewa bayyana hanya dalla-dalla yana jan wasu masu rauni su kwaikwaya. Kar a ɗaga hoton mamaci sai iyalinsa sun yarda da bakinsu. Kar a rubuta "ɗan wuta ne", wanda ke kan gaɓa in ya karanta haka ba tsoro zai ji ba, ji zai yi dama an riga an yanke masa hukunci, sai ya ƙara yin shiru, ga kuma uwar da ta rasa ɗanta tana tsaye a ƙofar gida tana karantawa. Kalmar mahaukaci ma a ajiye ta. A rubuta abu mai sauƙi da Hausa da ajami da ɗan Yarabanci don maƙwabta, irin su "Damuwa ciwo ce, tana da magani", "In abin ya yi maka yawa ka yi magana, za mu saurare ka", "Zuwa asibitin ƙwaƙwalwa ba abin kunya ba ne". Koren ƙyalle shi ne alamar lafiyar ƙwaƙwalwa, yadi kaɗan tela zai yayyanka kowa ya ɗaura a hannu, ya fi arha nesa ba kusa ba a kan riguna.

A wurin rufewa jawabi uku ya isa, liman, ma'aikacin lafiya, sai wani da ya taɓa shiga halin ya warke in shi da kansa ya ce zai yi magana, ba a matsa masa ba. Likita ya faɗi alamomin da harshen da kowa zai gane: mutum ya janye daga majalisa, ya daina cin abinci ko barci, ya fara rabar da kayansa, yana yawan "ku yafe ni" alhali ba tafiya zai yi ba, ko ya ƙara zurfi a shan ƙwaya. Ya kuma koya wa mutane su tambaya kai tsaye, "ɗan'uwa kana tunanin kashe kanka ne?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi yake ji an samu wanda ya lura. In ya ce eh kar a bar shi shi kaɗai, kar a rufe shi da faɗa ko "ka yi haƙuri kowa da tasa", a kawar da abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi asibiti, in abin gaggawa ne a kira 112 ko 767. Ku buga waɗannan lambobi da sunayen asibitocin da lambar masu rakiyarku a ƙaramin kati da zai shiga aljihu, a ajiye a teburin mai shayi da kemis da ƙofar masallaci yadda mutum zai ɗauka ba wanda ya gan shi.

Wani zai ɗaga hannu ya tambayi maganar ƴan sanda, ku shirya amsa. Gaskiya ne yunƙurin kashe kai laifi ne a sashe na 327 na dokar laifuka ta kudu da sashe na 231 na Penal Code a Arewa, har ɗaurin shekara ɗaya, wannan tsoron na sa iyalai ɓoye mara lafiya a ɗaki. Amma dokar jihar Legas cewa ta yi kotu ta ba da umarnin a kai mutum asibiti, sannan a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin a kula da shi da mutunci. Hukumar lafiya ta duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, ku faɗi adadin sau ɗaya don a san ba mu kaɗai ba ne, amma kar ku cika mutane da lissafi. Abin da zai taɓa su shi ne abin da suka sani, wanda aka ƙwace wa babur bayan hana acaɓa a 2022 bashi na kansa, wanda ke kwana a rumfar kasuwa iyali na Katsina ko Sakkwato suna kiran waya a turo, shi kuma kunya ta hana shi cewa babu.

Kuɗi kuma a yi shi a fili tun farko. A buɗe asusu da sa hannun mutum uku, kar a yi amfani da akawun ɗin mutum ɗaya komai amanarsa, a faɗa wa masu bayarwa abin da za a yi da shi: kuɗin mota zuwa Yaba ko Ikeja, kati, maganin watannin farko ga wanda ba shi da hali. Tsakanin Alhazan canji da dillalan shanu da kwanon da za a zagaya da shi ranar za a samu abin da zai fara. Ɗan siyasa in ya kawo gudummawa a karɓa a gode, amma ba fosta ba taken jam'iyya.

Mako biyu bayan tattakin kwamiti ya sake zama. A karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe a liƙa a allon masallaci a tura a guruf ɗin WhatsApp, a ji mutum nawa suka nemi taimako ba tare da an kira sunan kowa ba, a ga wanda aka kai asibiti ko ya koma ganin likita karo na biyu, don da yawa suna daina shan magani da zarar sun ji dama-dama ko kuɗi ya yanke. Masu rakiyar nan biyu su ma a tambaye su ya suke, sauraron damuwar mutane yana da nauyi, in ɗaya ya gaji a samo wanda zai karɓe shi na wata mai zuwa, a kuma sa musu kati a waya daga asusun.