Masu haska tafsiri kai tsaye, ku rage nauyin bidiyo

'Yan uwa masu haska tafsiri a Facebook, ku rage ingancin hoton bidiyo daga 1080 zuwa 720.

Ku buɗe Speedtest, manhajar auna saurin intanet, a daidai inda za ku kafa waya. Ku bar lambar saukewa, ta turawa ce taku. In ta nuna megabit 6 a daƙiƙa, ku saita manhajar haskawarku, Larix ko OBS, a megabit 3, wato rabi. Da an idar da sallah kowa zai ciro wayarsa, sabis ya ja baya, ragowar nan ce za ta hana hoton tsayawa.

Ga sauƙin data kuma. Megabit 3 na cin kusan giga 1.4 a awa, 6 kuwa ninkinsa. Ku lissafa na azumi guda. Malam dai a zaune yake, mai kallo a waya da wuya ya ga bambanci. Murya yake nema.

Amma ƙwallo a filin Pantami, ko hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Gombe, dabarar ba ta isa ba. Dawaki na sukuwa hoto zai dagule, ga cunkoson jama'a a kan layi. Nan sai Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam, ko na'urar da ke haɗa layuka biyu.