Yadda ake gwajin P-32 don gano ƙari a cikin ido

Ƙarin da ake nema da wannan gwaji galibi melanoma ce, wato dajin da ke tsirowa a bangon ido ta ciki, ƙarƙashin tantanin gani. Ƙwayoyin daji suna rarrabuwa da sauri, don haka suna zuƙar sinadarin fosforas fiye da lafiyayyen nama, kuma suna riƙe shi. Idan aka ba su fosforas mai fitar da haskawar nukiliya, wato P-32, sai na'ura ta ji inda ya taru. A Amurka aka fara amfani da dabarar a 1952.

Kafin komai a tantance majiyyaci. Ba a yi wa mai ciki, mai shayarwa ko ƙaramin yaro, domin P-32 na kwanciya a ƙashi da ɓargo, kuma sai bayan kwana 14.3 ƙarfinsa yake raguwa da rabi. Sannan a auna nauyinsa: ana ba da kimanin maikirokuri 10 (ma'aunin ƙarfin haskawar nukiliya) ga kowane kilo, ta jijiya. Mai kilo 60 zai sami 600 ke nan. Sirinjin a sa shi cikin kariyar roba mai kauri, ba ta darma ba, saboda haskawar beta, wato wadda P-32 ke fitarwa, idan ta bugi darma tana haifar da wata haskawar mai ratsa jiki.

Sai a jira awa 48 zuwa 72. Gaggawa a nan ɓata aiki ce: a sa'o'in farko fosforas ɗin yana yawo a jini ne, duk inda jini ya yawaita zai ba da ƙidaya mai yawa ko babu ƙari.

Wurin ɗora na'urar shi ne ginshiƙin gwajin. Haskawar P-32 ba ta wuce milimita 8 a cikin nama, yawancinta ma tana ƙarewa a milimita 2 zuwa 3. Idan ƙarin yana gaban ido, a ɗiga maganin kashe zafi a ɗora kan na'urar Geiger, mai ƙirga haskawar, a bisa farin ido. Idan yana baya kuwa, sai ɗakin tiyata: a tsaga siririyar fatar da ta lulluɓe farin ido, a juya ƙwayar idon da zare, likita yana leƙa ciki da madubin goshi yana danna bangon daga waje har ya ga dannawar ta faɗo daidai gindin ƙarin. A yi alama a wurin, a ɗora na'urar, tagar da haskawa ke shiga ta cikinta na fuskantar cikin ido, a ƙirga na minti ɗaya, a maimaita aƙalla sau uku. Daga nan a ƙirga lafiyayyen gefe na wannan idon, mai nisa daidai da na ƙarin daga baƙin ido.

Lissafin: a cire ƙidayar lafiyayyen gefe daga ta ƙari, a raba da ta lafiyayyen, a ninka da 100. Idan ƙari ya ba da 900, ɗaya gefen 400, an sami ƙarin kashi 125 cikin ɗari. Cibiyoyi sun sha bamban kan iyaka, amma abin da ya haura kashi 100 ana ɗaukarsa alamar daji.

Kuskure yakan zo ta fuska biyu. Zamewar na'ura da 'yan milimita, ko ƙari siriri da bai kai milimita 2 ba, sai a ce lafiya lau alhali akwai cuta. Ɗora ta a kan tsokar ido ko babbar jijiyar jini, ko a idon da ke kumbure ko wanda bai daɗe da tiyata ba, sai ƙidaya ta hau babu daji. Kuma gwajin ba ya bambance melanoma da dajin da ya yaɗo daga nono ko huhu.

Shi ya sa yau da wuya a yi shi. Sikanin ido da hoton jijiyoyi da rini suna ba da amsa ba tare da wuƙa ba, idan an yi shakka a tsotso ƙwayoyi da siririyar allura. Inda sinadarin nukiliya yake da amfani yanzu wajen binciken cutar shi ne hoton PET, wani nau'in sikanin dukan jiki, don neman ko cutar ta bazu, musamman zuwa hanta.