Babi na Bakwai: Takardar Amurka a kan takardarmu ta A4

Darasi na 1: Ku taɓa takardar da hannunku

Iyayena da ƴan'uwana, kowa ya ɗauki farar takarda guda daga kan tebur, ya ɗauki rula. Ku auna faɗinta, daga hagu zuwa dama. Za ku samu santimita 21. Ku auna tsawonta, daga sama zuwa ƙasa. Za ku samu santimita 29,7. Wannan ita ce A4. Ita ake sayarwa a babbar kasuwar Maraɗi, ita ce a wurin masu fotokofi, da ita ake aiki a ofisoshin Yamai da na Katsina duka. Ku juya ƙunshin da aka zaro ta daga ciki, za ku ga an rubuta A4 a jikinsa, da 500, wato yawan takardun da ke ciki. Jamusawa ne suka fara wannan awo a 1922, a 1975 aka mai da shi awon ƙasa da ƙasa.

Amurka da Kanada ba su bi ba. Tasu takardar sunanta Letter, kwamfuta mai Faransanci kuma ta rubuta Lettre. Faɗinta santimita 21,59, tsawonta 27,94. Ta fi tamu faɗi da milimita 6, tamu ta fi ta tsawo da milimita 18. Ku nemi milimita 6 a jikin rular. Ƴar kaɗan ce, ko ba haka ba? To ita ce ke cinye harafin ƙarshe na layi idan rubutu ya kai bakin takarda. Ɗanka ya aiko maka da fom daga Amurka, ko wata ƙungiya ta turo takardar neman aiki, ka kai sibar, wato shagon kwamfuta da bugu, ka biya kuɗinka, aka miƙo maka takarda an yanke mata gefe, ƙasanta kuma fili fetal. Injin bai lalace ba. Murfin wata tukunya aka ɗora wa wata.

Ku rubuta a littafinku da manyan lambobi: 21 × 29,7. Ku sake rubutawa a ƙasa. Wanda hannunsa ke rawa ya bi a hankali, babu mai koran kowa.

Darasi na 2: Duba kafin ka buga

Wannan darasin ya fi sauran duka, kuma a nan kusan kowa ke tuntuɓe.

Ku buɗe fayil ɗin. Da hannun hagu ku danne maɓallin Ctrl, yana can ƙasa a kusurwa. Kada ku sake shi. Da hannun dama ku taɓa harafin P sau ɗaya, sannan ku ɗaga hannuwan biyu. Wani shafi zai fito, da babban maɓalli mai suna Imprimer, ko Print idan kwamfutar daga Najeriya ta shigo. Kada ku danna shi tukuna. Ku ɗauke hannu daga linzami, ku ɗora a kan cinya.

Yanzu ku nemi inda aka rubuta girman takarda. Ku karanta a bayyane, yadda na kusa da ku zai ji. Idan kun ga A4, ko 21 × 29,7, madalla. Idan kun ga Letter, ko Lettre, ko 21,59 × 27,94, ku danna wurin. Jerin sunaye zai sauko. Ku zaɓi A4. Ku sake karantawa, don wani lokaci hannu kan zame ya zaɓi A5 da ke kusa da ita, wadda rabin A4 ce.

Mu maimaita. Ctrl da P. Hannu a cinya. Karanta girman takarda. Sannan bugu.

Na san abin da ke jan hannunku. Maɓallin bugawa ya fi komai girma a shafin, ido na ganinsa yatsa ya tafi. Ba rashin basira ba ne, har masu digiri haka suke yi. Kuma kwamfutocin hannu na biyu da yawa suna zuwa ne a saite a kan Letter tun daga inda suka fito, saboda haka ko wasiƙar da kai ka rubuta a nan Maraɗi tana iya zama a kan awon Amurka ba ka sani ba. Wani injin ma tsayawa yake cak, ƴar fitilarsa na ƙiftawa, yana jiran a sa masa Letter, alhali A4 ce cike a cikinsa.

Mu ƙara. Ctrl da P. Hannu a cinya. Karanta. Me aka rubuta? Idan ba A4 ba ce, gyara. Hajiya, kin yi daidai, ki ƙara sau ɗaya ba tare da kin kalli littafin ba.

Darasi na 3: Idan fayil ɗin PDF ne

PDF ba a tsoma masa hannu a ciki, rage shi ake yi gaba ɗaya ya shiga takardarmu. Bayan kun yi Ctrl da P, kun karanta girman takarda, kun tabbatar A4 ce, ku nemi kalmomi biyu: Taille réelle da Ajuster. A Turanci Actual size da Fit. Ta farko tana buga shi yadda ya zo, abin da ya yi saura ya yanke. Ku zaɓi Ajuster. Shafin zai ragu zuwa kamar kashi 97 cikin 100, ko ƙasa kaɗan, abin da ido ba ya ma lura da shi. Ku dubi ƙaramin hoton shafin da ke gefe, ku tabbatar bakin dama ya shigo.

Shafi ɗaya za ku fara bugawa, ba ashirin ba. Wallahi abin yana ba ni takaici in ga dattijo da gemunsa ya buga shafi ashirin a karkace, sannan ya zo yana cewa mai sibar ya cuce shi. Ka karanta girman takardar? A'a. Ka dubi hoton gefe? A'a. To wa ya cuci wa? Tawada da takarda ba kyauta ake ba ku ba, kuma na gaji da tsintar takardun da aka ɓata a ƙarƙashin benci. Ctrl da P. Hannu a cinya. Karanta.

Darasi na 4: Idan fayil ɗin Word ne

A sama ku danna Mise en page, wasu kwamfutocin sun rubuta Disposition, masu Turanci Layout. Ku danna Taille, ko Size, ku zaɓi A4. Rubutun zai motsa, tunda faɗi ya ragu tsawo ya ƙaru. Ku bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, ku duba ko jadawali ya tsallake gefen dama, ko wurin sa hannu ya bar inda yake. Ku adana da sabon suna, asalin ya zauna yadda ya zo.

Darasi na 5: Idan ku za ku aika Amurka

Tamu ta fi tsawo, ƙasan ne zai yanke a can, inda sa hannu da hatimi suke. Ku zaɓi Letter tun kafin ku fara rubutu. Idan an riga an gama, mai karɓa ya rage zuwa kashi 94.

Darasi na 6: Legal

Wata takardar Amurka ce doguwa, 21,59 × 35,56. Idan fayil ɗinta ya zo muku, ku yi kamar darasi na 3, ku zaɓi Ajuster.

Aikin gida: kowa ya buga shafi ɗaya na fayil ɗin da aka ba shi, ya rubuta 21 × 29,7 a bayansa, ya kawo ranar aji mai zuwa.