Kafin Ka Tashi Jirgi Maras Matuƙi a Wurin Biki

1. Fara da takarda. Tun shekarar 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta hana tashin irin wannan jirgi ba tare da izininta ba, da kuma amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ƙanƙantar jirgin ba ta cire ka daga doka, balle ga shi kuɗi ake biyanka ka ɗauki hoton biki da shi.

2. Duba wurin tun kafin ranar. Buɗe taswira a waya ka ga me ke kewaye da zauren taron: filin jirgi, barikin soja, gidan gwamnati, gidan yari. A Kano, unguwannin da ke daf da filin jirgin Malam Aminu Kano da barikin Bukavu ba wurin gwaji ba ne. Kada ka ce ai manhajar jirgin ba ta hana ka tashi ba. Ita ba hukuma ba ce.

3. Idan wurin haramtacce ne, faɗa wa mai biki gaskiya. A nan ake jin zafi, don wani zai zo ya karya farashi, ya ce shi zai tashi ko'ina. Sauƙin nasa daga rashin biyan kuɗin rajista ya fito. Nuna wa mai bikin takardunka, ka ce ya nemi na wancan.

4. Ranar aiki, kada jirgin ya ɓace wa idonka, kada kuma ka bi da shi ta kan 'yan rakiyar amarya. Ka ji ƙarar helikwafta? Sauko nan take.