Darasi Na Tara: Mura Da Tari A Jikin Yara, Yaushe Ake Ba Da Antibayotik?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu kan shigo Kaduna da ƙura da sanyin asuba. A wannan lokaci da wuya ka shiga gida a Rigasa, Tudun Wada ko Kawo ba ka ji yaro yana tari ba. Iyaye da yawa sai su aika kemis a sayo Ampiclox ko Septrin ko Amoxil na ruwa, waɗanda duk antibayotik ne. Tausayin yaro ne ke sa haka, amma sau da yawa maganin ba na wannan ciwon ba ne.

Ƙwayoyin cutar da ke kawo irin wannan rashin lafiya iri biyu ne: bakteriya da bairos. Antibayotik bakteriya kaɗai yake kashewa. Mura kuwa, da yawancin tari da kaikayin maƙogwaro, bairos ne ke kawo su. Ba wa mai mura antibayotik kamar kunna maganin sauro ne don a kashe ɓera. Jikin yaro shi ke yaƙar mura da kansa, cikin kwana 7 zuwa 10, tarin kuma yakan kai mako 2 ko 3 kafin ya tafi. Ƙaramin yaro yana iya yin mura sau 6 zuwa 8 a shekara, kuma lafiyarsa ƙalau. Ko majina ta yi kauri ta koma ruwan ɗorawa ko kore, wannan kaɗai bai nuna bakteriya ba.

Wani zai ce, to ko bai yi amfani ba ai bai cutar ba. Yana cutarwa. Yakan sa gudawa, amai ko ƙuraje. Kafson nan ja da yalo, wato antibayotik ɗin tetracycline, yana ɓata haƙoran yaran da ba su kai shekara 8 ba. Babbar illar kuma ba a ganinta da ido. Duk lokacin da yaro ya sha antibayotik, ƙwayoyin bakteriya marasa ƙarfi da ke jikinsa sukan mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa. Ranar da ciwo na gaske ya zo, irin nimoniya, wato ciwon huhu, sai a ba da maganin ya ƙi ci. A koma mai tsada, ko allura, ko kwanciya a asibiti. Wani babban bincike ya nuna cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani. Abin da ya fi damuna shi ne waɗannan ƙwayoyi ba sa tsayawa a jikin yaro ɗaya, suna kama ƙannensa da 'ya'yan maƙwabta.

Mai mura yana buƙatar ruwa da yawa da abinci mai ɗumi, jariri kuma a yawaita ba shi nono. A share masa hanci, a nisanta shi da hayaƙin itace da na sigari. Idan jikinsa da zafi a ba shi farasitamol daidai nauyinsa, ban da asfirin. Cokalin zuma yana sauƙaƙa tari, amma ba a ba yaron da bai cika shekara 1 ba. Zazzaɓi kuwa a garinmu sai an yi gwajin maleriya tukuna, kada a yi zato.

Akwai lokacin da antibayotik shi ne ceton rai, kuma numfashi ne ke faɗa. Idan yaro ya natsu, ku ɗaga rigarsa, ku duba agogon waya, ku ƙirga tashin ƙirjinsa na minti ɗaya cif. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 ga jaririn da bai kai wata 2 ba, 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5. In ya kai haka, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki idan ya ja iska, ku tafi asibiti a ranar. Haka ma idan ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da komai, ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Wannan ba ya jiran gari ya waye. Ciwon kunne mai fitar da ruwa da maƙogwaro mai ƙurji su ma likita ne zai duba.

Idan malamar asibitin unguwa ta ce, "Maman yaro, mura ce, ba ya buƙatar antibayotik," ba rowa ta yi ba, aikinta ta sani. Ki tambaye ta, "Malama, me zan gani in dawo da shi?" Idan kuma an rubuta, a ba shi yadda aka ce, a lokutan da aka ce, har kwanakin su cika. Ragowar kwalba ba a ajiye wa ƙaninsa.

Aikin gida: ku ƙirga numfashin wani yaro mai lafiya a gidanku, ku rubuta shekarunsa da lambar da kuka samu a littafinku, ku zo da shi aji mu kwatanta.