Kada ku bar shafinku ba tambari

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu shafin kasuwanci na intanet a nan Maraɗi, ku dubi saman burauza, gefen sunan shafinku. In hoton duniya mai ruwan toka kuka gani, to ba ku sa favicon ba, wato ɗan tambarin nan da burauzar Internet Explorer 5 ta fara kawowa a 1999. Shafin sai ya zama kamar shago a babbar kasuwa ba allo.

Kuskuren da na fi gani shi ne cusa tambari gaba ɗaya, har da sunan shago da lambar waya. A ɗan wurin nan mai fikzel (ɗigon hoto) 16 sau 16 wa zai karanta? Ɗauki harafi ɗaya ko zane ɗaya, launi biyu, tsawo da faɗi daidai. Mai sayar da kilishi, harafin K ja a kan fari ya ishe ka.

Masu WordPress, ku ɗora hoton PNG mai 512 sau 512 a wurin alamar shafi, sauran shi zai yi. In da hannu aka gina, a ajiye tambarin da sunan favicon.ico a babbar jakar shafin.

Bai fito nan take ba? Burauza ce ke riƙe tsohon. Share ma'ajiyarta ta wucin gadi (cache), ko ka gwada da wata wayar.