Sabon zuwa Antalya: fara da gaisuwa

Antalya, a ƙasar Turkiyya, gari ne mai ruɗar baƙo. Idan ka shiga Kaleiçi, tsohon garin da ke cikin ganuwa a bakin Bahar Rum, masu shaguna za su yi ta kiranka da Turanci, da Rashanci, da Jamusanci, har ka ɗauka babu ruwanka da Turkanci. Wannan kasuwar 'yan yawon buɗe ido ce. Ranar da ka fita neman gidan haya a unguwar Kepez, ko ka je ofishin shige da fice karɓar takardar zama, wadda suke kira ikamet, ranar za ka gane Turancinka bai wuce ƙofar ganuwa ba.

Duk da haka, kada ka ƙi ba tsohon garin yini guda. Sarki Attalos na biyu na Pergamon ne ya kafa shi wajen shekara 150 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ƙofar Hadrian mai baki uku tana nan tun shekara ta 130, lokacin da aka gina ta don tarbar Hadrian, sarkin Rum. Daular Seljuk ta ci garin a 1207, kuma a wannan ƙarnin aka ɗaga hasumiyar Yivli, wadda ake hangowa daga tsohuwar tashar jiragen ruwa. Ka je da sassafe ko bayan la'asar, don zafin Yuli da Agusta a nan mai gumi ne, ba busasshe irin na Sakkwato ba. Ka kuma sayi Antalyakart, da shi ake shiga bas da taragon cikin gari.

Yanzu sai harshe. Tun 1928 Turkiyya ke rubutu da boko, haruffa 29, amma akwai tarko ga Bahaushe: c ɗinsu j ɗinmu ce, shi ya sa cami, wato masallaci, ake karanta shi "jami". Abin da muke rubutawa da c su da ç suke rubuta shi, ş kuma ita ce sh. Kunnenka zai riƙa tsintar kalmomin da mu da su muka aro daga Larabci: saat, kalem, dünya, zaman, haber. Wahalar tana wajen ɗafe-ɗafen da ake jerawa a ƙarshen kalma, aikatau kuma sai ƙarshen jimla. Wannan sai an zauna aji. Ka nemi cibiyar koyar da Turkanci da ake kira TÖMER, jami'o'i da yawa suna da ita.

Amma a ganina jarinka mafi girma ka zo da shi daga gida, wato ɗabi'ar gaisuwa. Baturke ma ba ya wuce mai aiki bai ce "kolay gelsin" ba, sannu da aikinsu ke nan. In an tarbe ka da "hoş geldiniz", ka amsa "hoş bulduk". Mara lafiya a ce masa "geçmiş olsun". Wadda ta dafa maka abinci, "elinize sağlık". Namijin da ya ɗan girme ka abi ne, mace abla, dattijo amca, dattijuwa teyze, malami kuma hocam. Babba ko wanda ba ka saba da shi ba, "siz" za ka ce masa, kamar "ku" ɗinmu ta girmamawa.

Abu ɗaya da ke tunzura mutanenmu: ka tambayi mai shago ko yana da kaza, sai ya ɗaga gira ya yi wani ɗan sauti da harshe. Ba tsaki ya yi maka ba. "A'a" kawai yake nufi.

In an gayyace ka gida, takalmi a bakin ƙofa, za a ba ka silifa. Ka riƙe ɗan kayan zaƙi a hannu. Shayi kuwa a ƙaramin kofin gilashi yake zuwa, kuma ƙin karɓar na farko ba ya yi wa mai gida daɗi. Ranar Sallah matasa na sumbatar hannun dattijo su ɗora shi a goshi; ba dole ba ne gare ka, amma kada ka fizge hannu in yaro ya yi maka.

Maganar Atatürk, wanda ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, kuma ka kama bakinka. Akwai dokar 1951 da ke hukunta cin mutuncinsa, kuma duk ranar 10 ga Nuwamba da ƙarfe 9:05 na safe, lokacin da ya rasu, jiniya za ta tashi, mutane da motoci su tsaya cik. In ta same ka a titi, kai ma ka tsaya har ta gama.